Wata bakwai ina fama da ciwon hannu, an ce na 'yan tanis ne alhali ban taɓa riƙe sandar tanis ba

Baban Sadik Bakanike: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah likitocinmu ku taimaka. Yau wata bakwai ke nan hannuna na dama yana ciwo, daga ƙasan gwiwar hannu ta waje, can cikin tsoka. Zugi ne mai nauyi, kamar an danna min dutse. In na kama sukundireba ko na murɗa sifana sai ya taso, da dare kuma in na kwanta ya yi ta ci har tsakar dare. Na je wani asibiti aka ce ciwon gwiwar 'yan tanis ne, aka yi min allura a kan ƙashin har sau biyu. Babu abin da ya sauya. Ni kuwa ko filin tanis ban taɓa shiga ba. Neurobion na sha ya fi kati goma, diclofenac kam ba a magana. Me ya rage in yi?

Alhajin Kwari: Wa alaikumus salam. Sanyi ne Malam, ba wani abu ba. Ka samu wanzami ya yi maka ƙaho a wurin, ka riƙa shafa man zafi da dare. Ni haka na yi da kafaɗata, kwana uku na manta da ita.

Maman Ilham: Allah Ya ba da lafiya. Amma diclofenac ɗin nan ka yi hankali da shi, shi ya jawo wa maigidana olsa.

Anti Mai Gashin Ƙashi: Sannu Baban Sadik. Kafin kowa ya rubuta maka magani ina da tambaya. Ka sa yatsa a kan ƙashin nan da ya turo a gefen gwiwar hannu ta waje, ka danna. Sai ka sauko ƙasa wajen faɗin yatsu uku zuwa huɗu, cikin naman, ka sake dannawa. Wanne ya fi zafi? Sannan ka miƙe hannun sosai, ka sa wani ya danne maka yatsan tsakiya kai kuma kana ƙoƙarin ɗaga shi. A ina ka ji ciwon?

Baban Sadik Bakanike: Anti na gwada yanzun nan, yaron shagona ya danne min. Wallahi kan ƙashin ba ya wani ciwo. Amma ƙasan nan da kika ce, sai da na yi ƙara. Yatsan tsakiyar ma nan ya amsa.

Anti Mai Gashin Ƙashi: To ka ga abin da nake zargi. Ta waya ba a yanke hukunci, amma wannan ya fi kama da matsewar jijiya a ƙasan gwiwa, ba ciwon 'yan tanis ba. Bari Dokta ya shigo, fanninsa ne.

Dokta Na Ƙashi: Salam. Yanzu na fito daga tiyata, ku yi haƙuri. Bari in fara da gyara wata kalma, don ita ce ke rikita mu. A Hausa abu uku muke kira jijiya: wadda jini ke bi, da igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, da kuma farar igiyar da ke ɗauko saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa gaɓoɓi ta kuma mayar. Mutum zai zo ya ce "ciwon jijiya nake," mai kemis ya ɗauka ɗaya, wanzami ya ɗauka wata, likita yana nufin ta uku. A wannan maganar ta ukun muke nufi, jijiyar saƙo.

Manyan jijiyoyin saƙo da ke saukowa har yatsu guda uku ne, duk daga wuya suke fitowa su bi ta hammata. Midiyan tana bi ta tsakiya, ita ke ba da ji a babban yatsa, manuni, na tsakiya da rabin na zobe ta ɓangaren tafi. Alna tana bi ta bayan gwiwar hannu ta ciki, ita ce in ka buge gwiwa kake jin kamar lantarki ya ja ka har ƙaramin yatsa. Radiyal kuma tana zagayawa ta bayan ƙashin damtse, aikinta ɗaga wuyan hannu da miƙe yatsu.

Kowacce tana ratsa wasu 'yan lunguna tsakanin ƙashi da tsoka. Wanda kowa ya sani shi ne matsewar midiyan a wuyan hannu, mai tashin mutum da dare da minjirya, musamman mata masu ciki da masu ciwon suga. Na biyu matsewar alna a gwiwa. Amma akwai wasu lungunan da ba a cika tunawa da su ba, kuma nan ne mutane ke shan wahala wata da watanni ana yi musu maganin abin da ba shi ba.

Naka Baban Sadik, in zargin Anti ya tabbata, reshen radiyal ne da ke shiga ƙarƙashin tsokar da ke juya tafin hannu sama. Bakin tsokar yana da wani kauri mai lanƙwasa kamar bakan harbi, masana suna kiransa da sunan wani Bajamushe, Frohse. Duk murɗa sukundireba da ka yi, tsokar nan ce ke aiki, tana damƙe jijiyar. Tun 1972 wasu likitoci biyu a Ingila, Roles da Maudsley, suka rubuta cewa wasu daga cikin masu ciwon gwiwar 'yan tanis da ya ƙi jin magani, ashe wannan ke damunsu. Kuma ana iya samun duka biyun a hannu ɗaya, don haka kada ka yi saurin zagin wanda ya fara duba ka.

Baban Sadik Bakanike: Allah Ya saka da alheri Dokta. Wato kamar wayarin ɗin mota ne da ya bi ta wurin da ƙarfe ke gugarsa.

Dokta Na Ƙashi: Ka ma fi ni iya faɗa. Bari in ci gaba da misalinka. In ƙarfe ya goge robar waya kawai, tagullar ciki tana nan, da an ɗauke matsin jiki zai gyara robar cikin makonni, galibi bai wuce wata uku ba. In kuwa matsin ya daɗe har zaren cikin ya mutu, to sai ya sake tsirowa daga inda ya lalace, kuma tafiyar hawainiya yake yi, wajen milimita 1 a rana, kusan inci guda a wata. Ka auna daga gwiwa zuwa yatsa ka ga wata nawa ke nan. Bambancin da mota shi ne tsokar da ke jiran saƙon ba ta jira har abada. In ta shekara zuwa shekara ɗaya da rabi babu saƙo, ko jijiyar ta iso daga baya ba lallai ta tashi ba.

Injiniya Daga Jidda: Ni shawarata kada ka ɓata lokaci. Irin wannan na yi, shekara guda ina gashi ba sauƙi, da aka yi min aiki aka saki jijiyar na samu lafiya. Ka nemi a yi maka tiyata kawai a wuce wurin.

Anti Mai Gashin Ƙashi: Injiniya, Allah Ya ƙara lafiya, amma ban yarda da wannan shawarar ba. Kai ka shekara kana gwada hanya mai sauƙi kafin a kai ga wuƙa. Shi ko kwana ɗaya bai yi ana masa maganin ainihin abin ba, wata bakwai ɗin duk a kan wani ciwo daban suka tafi. Yawancin masu wannan matsalar da suke zuwa wurinmu ba sa kaiwa ga tiyata. Hutar da hannu daga murɗe-murɗe, abin ɗaure wuyan hannu musamman da dare, da wasu motsa jiki da muke koyarwa don jijiyar ta riƙa zamewa a lungunta ba tare da ta maƙale ba. A ba shi wata uku zuwa shida tukuna.

Injiniya Daga Jidda: Anti ku masu gashi kullum haka kuke cewa, kada kasuwa ta watse. Wasa nake. Amma fa mutumin nan da hannunsa yake ci. Wata shida ba aiki, wa zai ciyar da su Sadik?

Baban Sadik Bakanike: Injiniya ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi.

Dokta Na Ƙashi: Ni da nake riƙe wuƙar, a nan ina bayan Anti. Kuma zan faɗi abin da ba kowane likita zai so faɗa ba. Wannan ciwon na Baban Sadik, mai zugi kawai ba tare da raunin yatsu ba, likitoci kansu ba su gama jituwa a kansa ba. Gwajin da muke yi na auna gudun saƙo a jijiya da lantarki, sau da yawa lafiya lau yake fitowa a irin wannan. Sakamakon tiyatarsa ma bai kai tabbacin na wuyan hannu ba: wasu su warke kamar Injiniya, wasu a yanka su ciwon yana nan, ga tabo ga kuɗi sun tafi. Bayan tiyatar ma sai ya yi makonni bai kama sifana ba, don haka ba gajeriyar hanya ba ce. Abin da nake yi kafin in yarda in yanka, ina sa 'yar allurar kashe zafi daidai wurin jijiyar. In ciwon ya ɗauke na ɗan lokaci, wani lokaci har yatsun su saki na 'yan awoyi, to na san nan ne.

Inda ba na jira shi ne in yatsu sun fara faɗuwa. Jijiyar ɗaya ce, wurin ɗaya ne, amma a wasu mutanen maimakon zugi sai ka ga sun kasa miƙe yatsu da babban yatsa, wuyan hannu yana ɗaguwa amma yana karkata ɓangaren babban yatsa, kuma fata ba ta sage ba. Wannan dole a yi hoto, sikanin ko MRI, don sau da yawa wani ƙullutu ne na kitse ko na ruwan gaɓa ya zauna a kan jijiyar. In shi ne, cire shi ne magani.

Ɗan Sahu: Dokta tunda an buɗe fage bari in shigo da nawa. Ni ƙaramin yatsa da na kusa da shi ne suke sagewa, hannun dama. Kafin adaidaita na yi acaɓa shekara takwas. Yanzu ko mukulli na zo murɗawa sai in ji ba ƙarfi.

Ɗan Damagaram: Wallahi irinsa gare ni, ni ma kabu-kabu nike yi. Na je gidan likita sun ce in bar babur, to in bar shi in ci mi?

Dokta Na Ƙashi: Ku biyun alna ce. Tambayar ita ce a ina ta matse, gwiwa ko tafin hannu. Ku shafa bayan hannu, ɓangaren ƙaramin yatsa. In nan ma ya sage, matsalar tana sama, galibi a gwiwa. In bayan hannu lafiya lau, cikin yatsun ne kawai da gefen tafi, to a gindin tafin hannu ne, wani ɗan lungu da ake kira da sunan likitan Faransa Guyon, wanda ya bayyana shi a 1861. Dalili kuwa reshen da ke ba bayan hannu ji yana rabuwa tun kafin a iso wuyan hannu. A Turai 'yan tseren keke aka fi sani da shi, saboda danna gindin tafi a kan kan keke awa da awanni. A nan kuwa ga masu babur, ga masu tura baro, ga kafintoci da makanikai masu mai da tafin hannu guduma. Girgizar inji tana ƙara masa.

Ɗan Sahu, maganar mukullin nan ce ta fi damuna. Ka ajiye hannuwanka biyu a kan tebur, ka dubi naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta baya. Ɗaya ya fi ɗaya faɗawa?

Ɗan Sahu: Innalillahi. Na dama ya yi rami Dokta. Ban taɓa lura ba.

Dokta Na Ƙashi: To kai ba na shan Neurobion ba ne. Tsoka ta fara ramewa. Cikin satin nan ka je babban asibiti, ko Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano tunda a Kano kake, ka ce a duba maka jijiyar alna, kuma ka nuna musu ramin da bakinka. Ɗan Damagaram, in naka sagewa ce kawai ba rauni, ka naɗe kan babur da soso ko roba mai laushi, ka sa safar hannu mai kauri a tafi, ka riƙa sauya riƙo, kada wuyan hannu ya lanƙwashe baya sosai. In wata biyu ba sauyi, ko ka ga rauni, kai ma ka koma.

Baba Mai Ritaya: Dokta ka yi min izini in ƙara abu ɗaya, don na yi shekaru ina aikin tarin fuka da kuturta a karkara kafin in ajiye. A ƙasarmu duk wanda ya zo da sagewar ƙaramin yatsa, ko yatsu biyun nan suka fara ƙanƙancewa, a cire masa riga a duba fatarsa. In akwai wani tabo mai haske wanda ba ya jin taɓi, a shafa jijiyar bayan gwiwa a ji ko ta yi kauri kamar igiya. Kuturta tana son alna ƙwarai, kuma ba ta ƙare ba kamar yadda mutane ke zato. Littattafan da yaranmu ke karantawa na ƙasashen da babu ita ne, shi ya sa ba ta zuwa musu a rai. Maganinta kyauta ne, wata 6 ko wata 12 gwargwadon nau'inta, kuma in an kama lalacewar jijiyar da wuri akwai maganin da ake haɗawa da shi a ceto hannun.

Ɗan Sahu: Haba Baba, kuturta kuma? Allah Ya kiyaye. Babu ita a danginmu.

Baba Mai Ritaya: Ɗana ban ce kana da ita ba, kuma ba gadonta ake yi ba, ƙwayar cuta ce. Irin wannan "Allah Ya kiyaye" ɗin ne ya sa na ga mutane da yawa sun ɓoye tabo shekara uku sai da yatsu suka lanƙwashe. Dubawar minti biyu ce.

Dokta Na Ƙashi: Baba ya yi gaskiya, kuma na gode da tunin. Ni ma da na manta.

Maman Ilham: Ni tambayata a kan ƙanwata ce. Ɗinkin hula take yi. Sati biyu bayan ta haihu kafaɗarta da damtsenta suka kama ciwo mai tsanani, ko barci ba ta yi. Ya yi kwana goma ya lafa. Sai kuma ta wayi gari ba ta iya riƙe allura. Hannun bai sage ba, tana jin komai, amma allura sai ta zame. A gida an ce jego ne bai yi kyau ba, wasu sun ce iska ce.

Anti Mai Gashin Ƙashi: Maman Ilham ki ce ta haɗa kan babban yatsa da kan manuni ta yi zobe, ki ɗauko mana hoto.

Maman Ilham: Ga shi. Na hagu ya yi zobe, na dama ya ƙi, sai ya yi kamar bakin agwagwa.

Dokta Na Ƙashi: Hoton nan ko a littafi sai haka. Gaɓar ƙarshe ta babban yatsa da ta manuni ba sa lanƙwasuwa. Wani reshe ne na midiyan da ke can cikin naman hannu, tsoka kawai yake yi wa aiki, ba ruwansa da fata, shi ya sa take jin komai. Wasu likitoci biyu, Kiloh da Nevin, suka bayyana shi a 1952. Abin lura a nan, da ana ɗauka matsewa ce, amma yanzu an gane a mafi yawan mutane kumburin jijiyar ne da kanta, musamman in labarin ya zo kamar na ƙanwarki: ciwo mai tsanani a kafaɗa ya zo ya wuce, rauni ya biyo baya. Yakan biyo bayan zazzaɓi, ko tiyata, ko haihuwa. Ba laifin wankan jego ba ne, ba kuma iska ba. Yawanci yana dawowa da kansa, sai dai yana cin watanni, wani har shekara ko fiye. Ba a gaggawar yanka irin wannan. Amma ta je a duba ta, a tabbatar ba igiyar tsokar ce ta tsinke ba, a duba sauran tsokokin kafaɗa, a kuma riƙa bibiya. In an yi watanni babu alamar motsi, akwai aikin da ake yi, har da ɗauko igiyar wata tsoka a dasa ta yi aikin wadda ta mutu.

Anti Mai Gashin Ƙashi: Kuma kullum ta riƙa lanƙwasa gaɓoɓin nan da ɗaya hannun, kada su ƙage kafin jijiyar ta farfaɗo. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni takaici a aikina: jijiya ta dawo, gaɓa ta riga ta bushe.

Alhajin Kwari: Duk na ji bayananku, amma ni fa har yanzu ina kan bakana. Ƙaho sunna ne, kuma iyayenmu da shi suka rayu. Yanzu komai sai a ce hoto, hoto, MRI ɗin nan nawa ne? Talaka ya iya?

Malamin Islamiyya: Alhaji, babu mai musun ƙaho. Amma neman magani wurin masaninsa shi ma koyarwar addini ce. Ba a ce ƙaho ne maganin kowace cuta ba.

Dokta Na Ƙashi: Alhaji ranka ya daɗe, maganar kuɗi gaskiyarka ce, kuma ka lura duk abin da muka yi a zauren nan yau da yatsa da ido muka yi shi, ba mu sa kowa ya biya ko sisi ba. Yawancin waɗannan matsalolin hannun likita ne ke gano su, hoto na biyo baya ne in da dalili. Game da ƙaho, kafaɗarka wataƙila tsoka ce ta ɗaure, ka ji daɗi, alhamdu lillahi. Amma jijiyar Baban Sadik tana ƙarƙashin tsoka kusa da ƙashi, ƙaho ba zai buɗe mata hanya ba. Abin da nake roƙo kawai, kada a yi tsaga a bayan gwiwa ta ciki ko a gefen wuyan hannu ta wajen babban yatsa. A wuraren nan jijiya tana dab da fata. Na taɓa karɓar wanda aska ta taɓa masa ita, zugin da ya biyo baya ya fi wanda ya kai shi.

Haka ɗori. Ina girmama masu ɗori, amma in an ɗaure karaya da kara aka tamke, yatsu suka kumbura suka sage, ko mutum ya kasa motsa su, a kwance a tafi asibiti a daren, ba gobe ba.

Alhajin Kwari: To Dokta, na ji wannan. Amma man zafin dai ba laifi ko?

Dokta Na Ƙashi: Shafa abinka Alhaji.

Amaryar Bana: Tunda an ambaci gefen wuyan hannu. Ni bayan babban yatsana ne yake min raɗaɗi da minjirya tun bayan biki. Ƙarfi lafiya lau.

Anti Mai Gashin Ƙashi: Amarya me kike sawa a hannun?

Amaryar Bana: Awarwaro ne na lefe, sun ɗan matse ni amma da sabulu suke shiga. Da agogo.

Anti Mai Gashin Ƙashi: To ga mai laifin nan. Cire su yau. Akwai siririn reshen radiyal da ke fitowa dab da fata a nan, ji kawai yake bayarwa. Agogo mai matsewa, awarwaro, filasta da aka ɗaure da ƙarfi, har ankwa, duk suna danne shi. Wartenberg ake kiran ciwon, sunan likitan da ya yi bayaninsa a 1932. In kin cire kika bar wurin ya huta, galibi cikin makonni zai wuce.

Ɗan Sahu: Wato har ankwa tana da nata ciwon. Allah Ya raba mu da ita.

Direban Dogon Zango: Wani yaron motata ya taɓa kwana a kujera ya rataya hannu a bayanta, daga Legas har muka wuce Jebba bai motsa ba. Da ya farka hannun ya saki daga wuya, yana lilo kamar tsumma. Muka ce shanyewar ɓarin jiki ce, uwarsa ta ce an taɓa shi. Wata biyu ya warke, aka ce rubutun da ya sha ne.

Dokta Na Ƙashi: Radiyal ce ta dannu a jikin ƙashin damtse. Turawa suna danganta shi da daren Asabar, don a wurinsu mashaya ne ke yin irin wannan barcin. A nan gajiya ce, ko maganin sa barci, ko ƙwaya. Masu dogara sandar hammata ba daidai ba ma suna samu. Irin gogewar robar nan ce, yawanci wata biyu zuwa uku ya dawo, abin da ake buƙata kawai a tallafe wuyan hannun da abin ɗauri kada ya ƙage a lanƙwashe. Sai dai kada wani ya karanta wannan ya zauna a gida. Duk hannun da ya mutu farat ɗaya, a je asibiti ranar, balle in baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko ƙafa ta yi nauyi, ko mutum yana da hawan jini. Akwai ƙaramar shanyewar da hannu kaɗai take kamawa, ta yi kama da wannan sak.

Maman Ilham: Dokta to Neurobion ɗin da kowa ke sha fa? Ni ma ina da shi a jaka.

Dokta Na Ƙashi: Bitamin B ne. Yana amfani ga wanda ke da ƙarancinsa, misali wanda ya daɗe yana shan metformin na suga B12 ɗinsa kan yi ƙasa, mai shan maganin tarin fuka kuma ana ba shi B6. Amma ba ya ɗaga tsoka daga kan jijiya. Kuma B6 in ya yi yawa aka daɗe ana sha, shi da kansa yana lalata jijiya. Tramadol da pregabalin kuwa kada wanda ya saya da kansa, mun ga inda suka kai matasanmu. Abin da ya fi Neurobion amfani ga mai sagewar hannu shi ne ya auna suga. Kuma a tuna wani lokacin matsalar ba a hannun take ba sam, a wuya take, inda jijiyar ta fito. In juya wuya ko tari yana harba ciwon zuwa yatsu, a faɗa wa likita.

Admin: Jama'a an gode. Mai sabuwar tambaya ya buɗe nasa, wannan ya yi tsawo. Masu turo tallan maganin gargajiya mai warkar da cuta arba'in, na goge, in aka sake zan cire mutum.

Baban Sadik Bakanike: Salam 'yan zaure, na dawo da bayani, yau sati bakwai. Na je an duba ni, likitan ya danna wurin da Anti ta ce, ya yi allurar gwajin nan, ciwon ya ɗauke ɗif har yamma, yatsuna suka yi laushi na ɗan lokaci har na tsorata. Ya tura ni gashi. Ina sa abin ɗaurin da dare, na daina diclofenac. Na sayi sukundireba mai batir, ɗaurin manyan notina kuma na bar wa yara, ni sai nuni da baki. Ba zan ce na warke ba, in na manta na murɗa abu da ƙarfi yana tuna min. Amma ina barci yanzu.

Injiniya Daga Jidda: Ma sha Allah. In ya kai wata shida bai gama ba dai ka tuna da maganata.

Anti Mai Gashin Ƙashi: Injiniya ba ka gajiya. Ɗan Sahu fa, ka je?

Ɗan Sahu: Na je Anti. Sun cire min riga sun duba kamar yadda Baba ya ce, babu tabo. Wani ɗan ƙullutu suka gani a gindin tafin, sun ba ni ranar aiki bayan sallah. Wanda zan ba adaidaitar ya riƙe min kafin in warke nake nema yanzu, mai amana, in akwai wanda ya san wani ya yi min magana ta gefe.